Kiranyen Inna da Kogin Yeji

Yeji, ƙasar Gwanja,
10 ga Maris, 1958.

Zuwa ga Kawu, Malam Ummaru, Dutsin-Ma.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, Kawu, na iso, na kuma ga Yaya Mahmuda da idona. In ka je Kurfi karanta wa Inna takardar nan, ka fara da wannan don hankalinta ya kwanta.

Garin yana bakin wani kogi ne, ta gaɓar kudu, sai an yi fito ake shigarsa. Kawu, ko an juye kogimmu na Karaduwa cikin kogin nan da tsakiyar damina ba zai san an zuba masa kome ba. Jirgin fiton na ƙarfe ne, mai faɗi kamar daɓen masallaci, motoci na hawa da kayansu. Da ya motsa na runtse ido ina ta jan Ƙulhuwallahu, har wata mai kifi ta taɓa ni ta ce, "Baƙo, buɗe ido mana, ai har an ɗaure jirgi."

Sarkin Zango ya sa aka kai ni rumfar Yaya. Tela ne yanzu, da kekensa. Na yi sallama na ce, "Ni ne Hudu na Kurfi, wanda ka bari yana ɗan shekara biyar." Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keke. Bai ce maraba ba, sai ya ce, "Inna?" Na ce tana raye. Sannan ya rungume ni.

Matarsa sunanta Talatu, haifaffiyar zangon nan ce, mai kirki. 'Ya'yansu huɗu, Hausarsu kamar an wanke ta da ruwan wani gari. Kullum sakwara ake tura mini, ina haɗiya da bismilla. Da na miƙa daddawar da Inna ta aiko, Yaya ya shinshina, ya tashi ya shige ɗaki, bai fito ba sai la'asar.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Sau uku ina gaya masa Inna ta ce tana son ganinsa kafin ta kwanta dama, sau uku yana cewa in bari a gama ɗinkin Salla. Na ce ya kai ni kabarin Baba in yi addu'a, tunda nan zazzaɓi ya ɗauke shi shekara ashirin da huɗu ke nan, ya ce gobe. Goben ba ta zo ba har yau.

A gaishe da Inna, a ce mata ina nan a kansa.

Ɗanka,
Hudu.

Dutsin-Ma,
2 ga Afrilu, 1958.

Zuwa ga ɗana Hudu.

Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa. Takardarka ta same ni ranar kasuwa. Hannunka ya yi kyau, ashe ajin yaƙi da jahilci ba zaman hira kaɗai kuka yi ba. Na bi motar hatsi zuwa Kurfi na karanta wa Innarku. Sau biyu ta sa na maimaita wurin daddawa.

Ba zan ɓoye maka ba, jikinta ya ja baya. Ƙafafun sun kumbura, kunu ma sai an yi faɗa. Amma bakin yana nan, ka san Yayata. Da na zo kan ɗinkin Salla ta ce, "Salla ashirin da huɗu yana ɗinki, rigar Annabi Sulaimanu ce?"

To ga abin da ya sa na zauna rubutu da azumi a bakina. Ta aika yaron gida, Ɗantutture, wurin wani malami, ya yi mata rubutu a sabon tulu. Kiranye za ta yi wa ɗan'uwanka. Ku yaran yanzu kuna ɗauka tatsuniya ce. Ni na ga na wani mutumin Kuki muna samari. Yana can Ikko a gaban wanzami aka kira shi, ya shigo gari da rabin kai a aske, ƙafa duk ƙaya, bai san ma ta ina ya bi ba. Wanda aka kira ba ya neman hanya, ba ya sallama da kowa, gabansa kawai yake bi har ya iso. Ko aikin malam ne, ko alhakin uwa ne, wannan na bar wa Allah.

Malamin ya ce a bar azumi da watan Salla su wuce. Ranar da watan bayansu ya tsaya, sai ta sa baki cikin tulun ta kira sunansa sau uku, cikin kwana arba'in zai taso. A nan na yi dariya, na ce, "Yaya, ke da tun ranar suna ba ki taɓa kama sunan ɗan farin nan ba? Wancan, yaron nan, mai tafiya, haka muka sani." Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ummaru, kunya ta mai sauran kwana ce."

Saboda haka ka gaya wa tela ya naɗe zarensa ya zo da ƙafarsa, da hularsa a kai, kamar dattijo. Ya fi masa da a gan shi da takalmi ɗaya.

Allah ya tsare ku. Ka gaishe da surukarmu Talatu da yara.

Kawunka,
Ummaru.

Yeji,
26 ga Afrilu, 1958.

Kawu,

Gaisuwa da ladabi, da barka da Salla. Ka gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce. Don girman Allah, ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka tafi Kurfi ka hana Inna. Ko babu mota ka hau jaki.

Na karanta wa Yaya takardarka a rumfa, ina zaton za mu yi dariyar mai rabin aski. Sai na ga almakashi ya faɗi daga hannunsa. Talatu tana bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa, ta ce, "Malam, ka faɗa masa ko ni in faɗa. Na gaji da riƙon wannan magana." Ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗa.

Kawu, babu kabari. Ba zazzaɓi ne ya kashe Baba ba. Shekarar da suka zo fataucin goro, a kwalekwale suka yi fito, jakuna suna iyo a gefe an riƙe igiyoyinsu. Igiyar babban jakin tana hannun Yaya, ya naɗa ta a tsintsiyar hannu don kada ta suɓuce. A tsakiyar ruwa jakin ya firgita. Baba yana ta cewa, "Sake shi! Sake shi, Mahmuda!" Shi kuwa yaro ɗan sha bakwai, yana ganin jakin nan shi ne rabin dukiyar gida, ya ƙi saki. Kwalekwalen ya kife. Masu fito suka tsamo Yaya. Baba kwana shida ana nema ba a gan shi ba. Yaya ne ya aika da fatake gida su ce zazzaɓi ne, an yi masa sutura.

Tun ranar bai sake taka ruwa ba. Yanzu na gane abin da ya sa rumfarsa ta ba kogi baya. Talatu ta ce sau biyu yana ɗaure kaya zai taho gida, da ya hango jirgi sai ya zube, a kwaso shi kamar buhu. Shekara ashirin da huɗu yana zaune inda in ya waiwaya zai ga hanyar gida a tsallake.

To Kawu, kai ka ce wanda aka kira gabansa kawai yake bi. Gaban Yaya kogi ne. Wanda bai jira wanzami ya gama ba, zai jira jirgi? An fara ruwa a nan, kogin kullum ƙaruwa yake. Yaya ya ce da ni, "Hudu, ruwan nan bai manta da ni ba. In Inna ta kira, ita za ta miƙa ni."

In sai an gaya mata gaskiya za ta bari, gaya mata. Yaya ya yarda. Ya ce gara ta tsine masa yana raye.

Na lissafa kwanaki, takardar nan za ta iso daf da tsayuwar wata. Allah ya sa ta riga shi.

Ɗanka,
Hudu.

Dutsin-Ma,
25 ga Mayu, 1958.

Ɗana Hudu,

Bayan gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta, amma kada gabanka ya faɗi, kowa yana raye.

Takardarka ba ta riga wata ba. Ruwan farko ya yanke hanya, jakar wasiƙu ta kwana a wani wuri, sai da wata ya kwana biyu ta shigo hannuna. Ban tsaya sa babbar riga ba. Babu mota, na ari keken maƙwabci, ni da rabona da keke tun ina da haƙora duka. Mutanen Kurfi sun sha kallo.

Na tarar da ita zaune a inuwar rumbu, tulun a tsakanin ƙafafunta. Na ce, "Yaya, kin kira?" Ta ce, "Kwana biyu ina sa baki. Sai in kai kan harafin farko, harshe ya ƙi. Amma yau zan iya." Ka ga kunyar ɗan fari da muke yi wa dariya, ita ta tsare mana shi kwana biyu.

Na zauna na karanta mata duka, ban rage kome ba. Na yi niyyar tsallake wurin igiya, na tuna ƙarya ɗaya ta riga ta ci mana shekara ashirin da huɗu. Da ta buɗe baki ba ta tambayi ɗanta ba tukuna, ta ce, "Ashe Malam ko likkafani bai samu ba." Ta sa aka kira liman, aka yi masa addu'a, aka raba waina.

Sannan ta ce, "Wane jaki ne? Baƙin nan mai yagaggen kunne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Shi ne. Ni na ce da yaron ranar tafiya, ko me za a yi kada ya saki jakin nan, ubansa ya cika sakaci. Maganata ya riƙe."

Ta kife tulun da hannunta, ta sa aka kai shi bayan gari aka fasa. Ga saƙonta, kalma da kalma: "A ce masa na yafe, duniya da lahira. A ce masa ya zauna inda yake, kada ya kusanci ruwan nan saboda ni. Ruwa ya ci ɗaya, ya isa. Mu haɗu can."

Ka karanta masa, ka kwantar masa da hankali, kai kuma ka kamo hanya. An yi shuka a Kurfi, gonarka ce kaɗai ke kallon sama. Kuma in kana son ka same ta tana gane mutane, kada ka tsaya cin sakwara. Da na fito ta bi ni da ido ta ce, "Da dai na so in ji ko muryarsa ta koma irin ta Malam." Ta ce kada in rubuta wannan. Ga shi na rubuta, tsufa ne.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kawunka,
Ummaru.

Salaga,
19 ga Yuni, 1958.

Kawu,

Gaisuwa da ladabi. Ka dubi sunan garin da ke saman takardar nan. Arewa da kogi yake, kuma mu biyu ne.

Na yi laifi, zan faɗa da bakina. Tun da wata ya tsaya Yaya ya sa Talatu ta ɗaure masa ƙafa da igiya a jikin keken ɗinki, ko masallaci sai da mutum biyu. Ya rame, kullum kunnensa a sama yana jiran kira. Takardarka ta zo, na karanta ni kaɗai, na kai wurin muryar Baba, na ninke ta na sa a aljihu. Ya ce, "Me Kawu ya ce?" Na ce, "Wata ya riga takardata isa." Ban ƙara ba, Allah ya yafe mini.

Kwana uku bayan haka ya kwance igiyar da kansa. Ya ce, "In dai shiga ruwan nan ba makawa, gara in shiga a kan jirgi da hankalina." Talatu ta naɗe masa ido da rawani, muka kwantar da shi tsakanin huhunan goro, na danne masa kafaɗa. A tsakiya ya ce, "Ina muke?" Na faɗa masa. Ya zare rawanin, ya dubi ruwan, ya yi wa Baba addu'a da ƙarfi, fasinjoji suka taya shi da amin.

Da muka taka ƙasa na ba shi takardarka. Ya sa na karanta sau biyu. Ya sharara mini mari a gaban 'yan kamasho, har hulata ta faɗi. Ya tsaya yana duban jirgin yana shirin komawa, Talatu da yara suna can tsallake. Sannan ya juya ya ce, "Ina ake shiga motar Tamale?"

Gobe za mu tashi. Ka ce da Inna ta daure ta sha kunu.

Ɗanka,
Hudu.