Akwatunan da Gilbert Ya Ɗauko

Landan, Yuni 1642

Kawu Ambrose,

Kun san irin mutumin da kuka tura mana Majalisa kuwa? Ka gafarce ni, gaisuwa ya kamata in fara. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da ƙafarta mai ciwo. Ni lafiyata ƙalau, amma yayana Gilbert yana kurkuku.

Ka ji yadda aka yi. Majalisa ta hana Sarki kuɗin yaƙi, shi kuma ya kwashe duwatsu masu daraja na kambin sarauta ya aika ƙasar Holan jingina, a sayo masa albarushi. Majalisa ta ce kayan ƙasa ne, ba na ubansa ba, duk wanda ya sa hannu ya ci amana. Ni na karanta wa masu kwalekwale sanarwar a jikin bango, ina harhaɗa baƙaƙen suna min dariya. To ashe Gilbert ne ya kai akwatunan duwatsun bakin babban jirgi a kwalekwalensa tun lokacin sanyi. Bai san abin da ke ciki ba. Lambar azurfa aka ba shi tukuici, irin ta matuƙan kwalekwalen fada. Sakaran ya ɗinke ta a hannun riga, ya shiga mashaya yana cewa, “Ku matsa, 'yan kamun kifi, matuƙin Sarki ya iso!” Da lambar aka gane shi, aka kama shi.

Na je neman taimako ƙofar wakilinku a Majalisa, Sir Fulke Ashdown. Mai gadinsa ya ce min, “Kai yaro, warin kogi kake, gusa can.” Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Ɗanka,
Barnaby

Landan, Yuli 1642

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yanzu kam ka gaya wa Inna.

Jiya aka kawo Gilbert gaban kwamitin Majalisa, duk ya rame, yana tari. Suka ce ya faɗi wanda ya ɗauke shi aiki. Ya ce bai san sunansa ba, amma matuƙi ba ya manta matakalar da ya yi lodi, kowane babban gida da tasa a bakin kogi. Ya ce ta gidan Ashdown ce. Kawu, a idona magatakarda ya ajiye alƙalami, bai rubuta ba! Sir Fulke na zaune a wurin yana gyara safar hannu. Yana zagin Sarki a Majalisa, yana ɓoye masa kaya a gida, ko wa ya ci yaƙin, Sarki ko Majalisa, shi dai ya tsira. Ƙarshen wata za a yanke wa Gilbert hukunci, ana maganar igiyar rataya.

Ran Lahadi Sir Fulke zai zo garinmu karɓar cokulan azurfar mutane, gudummawa don sojan Majalisa. Kai mai gona ne, ba za a kore ka kamar ni ba. Ka riƙo hannun Inna ku tsaya a ƙofar coci. Kafin kowa ya miƙa cokali, ka tambaye shi da ƙarfi: daga matakalar wa aka ɗauko akwatunan? Kada ka yarda ya ja ka gefe. Ya amsa a gaban jama'a.

Ina gaishe ku duka.

Ɗanka,
Barnaby