Ku Cire Fuskata Daga Tallan Abincin Aladu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da nake wa aiki, Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni ne Hamisu, mutumin Gumel, mai kula da ɗakin tsutsa a gonarku ta bayan gari. Na rubuto a fili ne saboda ƙafata ta gaji da hawa benen ofishinku na Murabba.

Direba aka rubuta a iƙamata, wato takardar izinin zamana, amma da na iso sai aka ba ni kiwon tsutsar baƙin ƙuda: in zuba mata ragowar abincin otal, in tace, in busar, a niƙa ta zama gari a haɗa wa kaji maimakon waken suya. Ban yi ƙorafi ba. Na tambayi wani malaminmu a unguwar Suwaidi, ya ce kaza dama tonon tsutsa take yi, in riƙe aikina. Na riƙe, har na fara jin daɗinsa ganin yadda kajin suke cika.

Na farko: bara bayan babbar salla kun kawo masu ɗaukar hoto. Mudir, wato manajan gonar, ya ce in ɗebi garin da hannu biyu in yi murmushi, wai tallan abincin kaji ne. Na yi. Ashe bidiyon na masu saye ne a ƙasashen waje. Daga tafin hannuna sai hoto ya juya kan aladu suna wawason abinci. Ni ban taɓa ganin alade a ƙasar nan ba, kai ma ka san babu. Amma mai kallo ba ya ganin inda aka yanka aka haɗa.

Na biyu: bidiyon ya isa Gumel tun kafin ni in gan shi. Aka ce Hamisu ya tafi ƙasa mai tsarki kiwon alade. Mahaifiyata tsohuwa ce mai ciwon suga. Ta daina karɓar saƙon da nake aikawa, ta ce ba za ta sayi magani da shi ba. Ƙanena ya yi bayani har ya haƙura. In na kira, gaisuwa kawai take amsawa ta miƙa wa jikoki waya. Nan ɗakinmu ma, cikin waɗanda muke cin abinci a faranti ɗaya, wani ya fara zuba nasa daban.

Na uku: na kai kuka. Mudir ya ce bukura insha Allah, wato gobe, bukurar nan har yau ba ta waye ba. Sakatarenka ya ce na sa hannu a kwantiragi, don haka hotona na kamfani ne. Wani injiniya ya zaunar da ni yana bayanin amfanin garin ga dabbobi, da cewa sayarwa waje bai saɓa doka ba. Ban musa ba. Ba fatawa na je nema ba. Wanda za ku sayar wa, tsakaninku da Allah ne. Fuskar ce tawa.

Don haka ina roƙo a cire ni daga bidiyon. A kuma ba ni izinin ɗaukar wani bidiyon da wayata a cikin kajin da nake ciyarwa, mudir ya tsaya gefena ya faɗi aikina da bakinsa, in fassara wa tsohuwa. Idan wannan ya yi nauyi, ku sake ni in nemi wani kafil, wato ubangidan da zan zauna a ƙarƙashin sunansa, ko ku ba ni hutu in je in durƙusa gabanta. Ba na neman diyya. So nake uwata ta sha maganinta.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci kasuwancinka, Ya sa kada ka ga ranar da mahaifiyarka za ta ji muryarka ta miƙa wa wani waya.

Wassalam.

Naka, Hamisu.