Mai Ƙirga Yatsun Jarumai

Dakoro

Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, yaya zaman Maradi? Na ba direba takardar nan don wayarki kullum tana hannun 'ya'yanki.

Albishirinki, na gano babban malami a intanet. Ba suna, ba hoto, sai shafi guda inda yake sharhin littattafan soyayya. Ilimi kam Allah ya ba shi. Ya bincika ya gano cewa jaruma kyakkyawa ce, mai kuɗi kuma yana da mota. Jiya ya sanar da duniya cewa littafi mai kauri ya fi siriri daɗewa a hannu. Da na karanta wa abokan sana'ata masu awon gero a kasuwa, har wani ya zubar da tiya don dariya. Mu da muka bar lakwal, makarantar boko, da wuri ashe ba mu yi asara ba.

Wadda ta fi kashe ni: wai ya lura duk jarumai yatsunsu goma cif, kuma ba mai jan ruwa a rijiya mai zurfi. Ki ji fa!

Goron ɗaurin aurena da Adawiyya ya iso. Juma'a ce, kada ki makara.

Ƙaninki,
Almu

Maradi

Almu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaida mutanen gida.

Na sa an buɗe mini shafin, ban yi dariya ba. Ka tsallake inda ya ce shi daga shafin ƙarshe yake fara karatu, kada mutuwa ta riske shi bai san yadda aka ƙare ba. Wa ka taɓa ji yana faɗin haka in ba yayanka Nu'man ba? Kuma yatsan wa igiyar rijiyar Korahane ta cire?

Na san shekarun da aka yi tun da motarsu ta ɓace a hanyar Libiya. Na san alƙali ya raba aurensa da Adawiyya, ta yi idda, ba wanda zai ce ka yi haram. Amma ba mu ga gawa ba. Kai da ba ka karanta ko takardar magani, mi ya zaunar da kai kan shafin baƙo? Tambaye shi kafin Juma'a.

Allah ya sa mu ji alheri.

Yayarka,
Kubra

Dakoro

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Masu yatsa tara sun cika duniya, mahauta kaɗai sun isa gari guda. Amma na bi maganarki. Na rubuta masa: “Malam, sannu da hikima. Daga wane gari?”

Bai faɗi gari ba. Sai ya sa sabon sharhi: wai ya lura a littattafai, matafiyin da ba a ga gawarsa ba yakan dawo ranar ɗaurin aure, ya tsaya bakin zaure da ƙura a ƙafa, kowa ya rasa inda zai sa ido. Ya ce marubuta ba su da tausayi, mutumin kirki ba ya yi wa ƙaninsa haka.

Yaya, ni ban ce masa ina da wa ba. Ban ce za a yi aure ba.

Tun ranar, in mota ta tsaya a tasha sai na bar awo ina duban masu sauka. Adawiyya ta aiko tana tambaya ko lafiya, na ce rezon waya ne ke ba ni wahala.

Almu

Dakoro

Yaya Kubra,

Salamu alaikum. Yau da safe shafin ya ɓace, kamar ba a taɓa yin sa ba. Na faɗa wa Adawiyya komai. Ta tambaye ni ko ya ambaci sunanta. Na ce a'a. Ta ce to a ɗaura.

Ki taho gobe, ki kwana lafiya. Goro yana nan cikin buhun algarara, ban kwance ba. In na miƙa wa liman, in ce na aure ne, ko na sadakar mamaci?

Ƙaninki,
Almu