Ɗan Majalisa da Tiren Kabsa

Daren Laraba, unguwar Malaz, nan ƙasar waje.

Yau ɗan majalisar tarayyarmu ya ci abinci gidan ɗana Sani. Sani ya ce, "Baba, don Allah ka yi shiru. Zan roƙe shi a cike ramin kuzar da ke cin gonarmu can gida."

Na yi shiru, har mutumin ya ce zangonsa uku yana nemo wa mahaƙa tallafi, don da hannunsa ya wanke kuza. Shi? Shekara talatin ina ramin nan, ban taɓa ganin laka a ƙafarsa ba. Na miƙa masa tiren shinkafar kabsa, mai kama da tasar wanke kuza. "Ranka ya daɗe, juya mana yadda ake wankewa."

Ya juya, shinkafa ta wanke masa babbar riga.

Maganar rami ta mutu, Sani ya ƙi kula ni. Amma wallahi ɗan majalisar bai iya ba.