Jirgin da Aka Wanke Tas, Dawata Ta Ƙare

Zuwa ga Manajan kamfanin jirgin feshi,

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne manomin nan na Maska da ya ba ku aron fili a gefen gonarsa jirginku yake sauka.

Na ɗaya. Filin gajere ne, kun sani. Jirgi ba ya tashi a cikinsa sai an sauke fallayen nan na bayan fiffike, waɗanda matuƙinku ke kira filaf. Tsohon jirginku sanda gare shi irin ta birkin hannu na mota: matuƙi ya ja, fallaye su sauka, shi ke nan. Damina huɗu ina kallo, bai taɓa ba mu kunya ba.

Na biyu. Bana kuka turo sabo mai maɓallin lantarki, aka yi ta yi mana burga wai da ɗan yatsa ake sarrafa shi. Ranar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a dawarmu, ranar ce aka ce manyanku za su zo duba aiki. Ma'aikatanku suka ɗebo ruwa bokiti-bokiti suka sheƙa wa jirgi, har cikin fiffike, kamar masu wankin babur a tashar Funtua. Manya suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafi. Da la'asar matuƙi ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ruwa ya shiga ɗan injin da ke sauke fallayen. Bawan Allah ya ƙi tashi, kuma ban ga laifinsa ba, rai gare shi.

Kwana tara ana jiran wani ƙarfen gyara da bai kai tafin hannuna ba! Wallahi takaici ya ishe ni. Ni da iyalina muna kaɗa gwangwani tun safe har muryarmu ta dushe, ga jirgi a gabanmu yana ƙyalli, tsuntsaye har hutawa suke yi a kansa. Dawar da za ta kai gidana baɗi, kara kawai na yanka.

Roƙona: ku dawo mana da mai sandar. In lantarkin kuka nace, ku ajiye kayan gyaransa a nan kusa, ku kuma raba ma'aikatanku da bokiti. In ba haka ba, ku zo ku ɗauke kayanku, filina zan shuka wake.

Allah Ya yi maka jagora, Ya kiyaye ka da auna hatsi a kasuwa alhali ka yi noma.

Wassalam.

Malam Garba, Maska