Auduga Ta Tsiro A Saman Ɗakin Inna

Malam, a taimaka mini da shawara kafin damina ta kankama, domin ina dab da rasa mahaifiyata, kuma ba mutuwa ce za ta raba mu ba.

Ni manomi ne a Furfuri, ƙasar Bungudu. Bara da na kai auduga Gusau na ga Turawan kamfani sun rufe kantunansu da kwano, abin ya shiga raina. Na ce Inna ta daina kwana ƙarƙashin jinka mai yoyo. Na ƙara ɗaki a jikin nawa, Attahiru kafinta ya jera azara a gangare, ya buga kwano yana ta ƙyalli. Har daga Magami aka zo kallo.

Inna ta shiga ɗakin wata safiya da bazara, ta fito da azahar, ta ce ita ba waina ba ce. Ta koma tsohon ɗakinta.

Sai na yi dabara. Ina da ragowar auduga da ba a gurje ba, na cusa ta dam tsakanin azara da azara har ta manne da kwanon, na tare ta da tabarmi. Zafi ya ragu, na lallashe ta ta dawo. Da aka yi ruwan fari kuwa sai tabarmin suka fara wari, ɓeraye suka tare a sama suna cin gurya. Shekaranjiya muka ga tsiro ya leƙo. Malam, auduga ce ta fito. Ko a gonata ban taɓa samun fitowa irin wannan ba.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ta kwana ƙarƙashin abubuwa da yawa a duniya, amma ban da gona, ta kuma aika wa ƙanwata Hanatu a 'Yankuzo a share mata ɗaki. Ni ne babba. In ta koma gidan suruki ban san idon da zan kalli mutane da shi ba, kuma ban san yadda gidan nan zai zauna babu ita ba.

Mai Gona A Sama, Furfuri.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da niyyarka. Amma ka haɗa iri da laima da ɗumi wuri guda, ban ga laifin audugar ba.

Ka sauke ta duka, kada ka jira girbi. Kwano yana zufa ta ciki in gari ya yi sanyi, duk abin da ya manne masa sai ya jiƙe. Ka nemi karan dawa busasshe ƙarau, wanda babu ko ƙwaya a kansa, ka barbaɗe shi da toka saboda gara, ka jera tsakanin azarorin. Ka bar fili kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da kwanon, da 'yan kafofi a bakin rufin ta ƙasa da ta sama, iska ta riƙa shiga tana fita. Sannan ka ɗaure zana daga ƙasa. Attahiru ya sake bin ƙusoshinsa, ina zargin akwai mai yoyo.

Saura na Inna. Na karanta takardarka ban ga inda ka tambaye ta ba. Kai ka ga kwano, ita ta sha zafi. Zuwa wurin Hanatu ba abin kunya ba ne, ita ma 'yarta ce, amma wadda ta aika a share mata ɗaki ba ta ɗaure kaya ba tukuna, tana jiran ta ga abin da za ka yi.

In ka gama gyara, ka yi ƙailula a ciki da kanka da tsakar rana. In ka tashi lafiya, ka je ka durƙusa ka gayyace ta. In ta ce a'a, ka nemo shuci ka baibaye mata tsohon ɗakinta, ka zuba gyaɗarka a sabon. Masu kallo daga Magami sun koma gida tuni, kai kuwa uwa ɗaya gare ka.

Allah ya bar maka ita, ya ba ku damina mai albarka, a gona.