Ƙorafi Kan Riƙe Sakamakon Tseren Ragna

Daga: Gunnvor Aasheim,
Unguwar Bakin Tafki, Fjellvik.
17 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Torleif Brekke,
Shugaban Kwamitin Ɗa'a,
Ƙungiyar Tseren Ƙanƙara ta Gunduma.

Ranka ya daɗe,

Game da: Riƙe sakamakon 'yata Ragna Aasheim, mai shekara goma sha biyar

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 18 ga Janairu, Ragna ta zo ta ɗaya a tseren 'yan mata na gunduma. Ba a ba ta lambar yabonta ba. Daga baya ofishinku ya sanar da mu cewa wasu iyaye sun shigar da ƙara suna shakkar ko mace aka haife ta, kuma dokarku ta hana bayyana sunan mai ƙara. Hujjarsu tsayinta, faɗin kafaɗarta da kaurin muryarta. Duka ukun daga wajen mahaifiyata ta gado su, wadda duk garin nan ya sani.

2. Ban zo raba gardamar da ake yi kan 'yan wasan da suka sauya jinsi ba. Yarinyar da ke tsoron rasa gurbinta tana da haƙƙin tambaya, wanda ake tambaya a kansa kuma yana da mutunci. Amma wannan gardama ta manya ce, sai ga shi an sauke ta a kan 'yata.

3. Kamar yadda al'ada take, mu iyaye ne ke aikin gayya a ranar tsere. Ran nan ni ke toya waina da zuba kofi. Ke nan waɗanda suka kai ƙarar daga hannuna suka karɓi kofinsu, suka yi mini murmushi, suka yaba kyawun ƙanƙarar bana. A Fjellvik ba ma faɗa wa mutum magana a ido, ladabi ya yi mana yawa. Yanzu kowa na gaishe ni, ni kuma ina zargin kowa, har maƙwabtan da muka yi renon yara tare. Wannan abu yana cin raina.

4. Mun kawo shaidar likita tun 24 ga Janairu, abin da bai kamata a nema daga yarinya ba. Har yau shiru. Ranar 28 ga wata za a rufe sunayen masu zuwa gasar ƙasa, kuma in ba da sakamakon nan ba, babu sunanta.

5. A tseren Asabar da ta wuce, ni aka ba riƙon agogo a layin ƙarshe. Ragna ta taho ita kaɗai a gaba. Da ta hango taron iyaye, sai ta rage gudu, ta bar yara uku suka wuce ta. Ba gajiya ta yi ba, na san numfashin 'yata. Ta huɗu ba ta hawa dandalin karɓar lamba, ba wanda zai kalle ta.

Don haka ina roƙon mai girma shugaba ya sa a saki sakamakon kafin ranar 28, a miƙa mata lambarta a gaban taron da aka hana ta, a kuma haramta ƙara kan siffar jikin yaro.

Idan kwamiti yana neman hujjar illar da aka yi, ya duba lokacin Ragna na ranar Asabar. Da hannuna na rubuta shi.

Ina mai ladabi da biyayya,

Gunnvor Aasheim